Yadda Burgman ya kwantar da ni a ƙofar gidan surukai

Tunda labarin ya riga ya zaga gari, har daga Gombe an kira ni ana yi min jaje ana danne dariya, gara ku ji shi daga bakin mai ƙafar. Masu cewa gudu nake yi kuwa su ji tsoron Allah. A tsaye nake cak. Shi ma babur ɗin a tsaye yake, kafin ya canza shawara.

Kun san tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 motata ta koma kayan ado a tsakar gida, roba-robar Maman yara nake ja zuwa wajen aiki, gwiwoyina na dukan kan babur. Sai mutumin nan namu dillali, wanda ba sai na kama suna ba, ya kira ni ya ce in zo in ga abin da ya dace da mai jiki irina. Suzuki Burgman 650 ne, ɗan Kwatano, ruwan toka, an wanke shi yana ɗaukar ido. Babu kuloci, babu taka giya, totur kawai za ka murɗa. Silinda biyu, cc 638, gilashin tare iska a gaba, kujera da majingina, har da birkin ajiyewa irin na mota. Madubai kuwa maɓalli kake dannawa su naɗe kansu. Na danna suka naɗe, na sake dannawa suka buɗe, na kalli dillali, shi ma ya kalle ni, ya san kasuwa ta yi.

"Yallaɓai, tafi da shi ka ɗana. In bai yi maka ba, dawo min da abina, ai ba rigima."

Ya faɗa min komai, har da cewa ƙarƙashin kujera na cin lita 50, amma bai faɗa min cewa abin nan ya kai kilo 277 ba. Buhun siminti biyar da rabi ke nan, an sa musu taya.

Ranar Asabar aka yi sunan ɗan ƙanin Maman yara a gidan surukai, can unguwar Jahun a nan Bauchi, ni kuma aka ɗora wa sayo masa. Na ce ta kwana gidan sauƙi. Na jera ledojin masa a ƙarƙashin kujera, na cusa ƙaramar kular miyan taushe a gefe, na danne, na ci babbar rigata ta shadda wadda ban taɓa sawa ba tun Babbar Sallah. A kan kwalta, wallahi, ba ka jin nauyin komai. Na biyo ta Wunti, 'yan acaɓa na waiwaye, wani ya ɗaga min babban yatsa, wani ya yi ihu, "Oga, wannan mashin ne ko mota?" Ban amsa ba, don mai irin wannan babur ba ya amsa wa kowa.

Da na shigo lungun na tarar an gama raɗin suna, maza sun cika tabarmi daga bakin zaure har jikin katangar maƙwabta, ana raba goro da dabino. Baba, surukina, yana tsakiya a kan buzunsa, liman a damansa. Duk kai ya juyo. Na rage totur, na zo a hankali, na zaɓi inda kowa zai gan ni, na tsaya. Na sauke ƙafar dama.

To, wurin taka ƙafa na Burgman yana da faɗi, sai ka buɗa ƙafa sosai kafin ta kai ƙasa. Inda tawa ta sauka kuwa ragowar yashin gini ne da ruwan kwata ya jiƙa. Takalmin ya nutse, ya zame kaɗan, kaɗan fa, bai kai taƙi ɗaya ba. Da roba-roba ce da gwiwa zan tare ta in ci gaba da gaisawa. Wannan kuwa sai na ji ya fara karkata, ba cikin gaggawa ba, a hankali, kamar raƙumin da ya ga dama ya durƙusa, babu ruwansa da wanda ke bisa. Na riƙe. Na cije. Jijiyar wuyana ta tashi. Na ce "Innalillahi" a ciki, a waje kuma ina murmushi, don idon Baba na kaina, kuma har a lokacin ina ganin zan iya cewa salamu alaikum in gyara. Na fara sallamar ma. Na kai "salamu", babban yatsana na hagu ya danne hon.

Haka muka tafi ƙasa tare, ni da shi da hon.

Da ya kai ƙasa injin ya mutu da kansa, ashe suna da wata na'ura da ke yanke mai in babur ya faɗi. Na saki hon, wurin ya yi tsit, babu mai tauna goro. Ina kwance ta gefen dama, rabin babbar riga da ƙafata suna ƙarƙashin babur, hulata ta gangara ta tsaya daidai bakin tabarmar liman. Na kai hannu in dafa in tashi, sai na taɓa maɓallin nan. Madubin da ke sama ya yi "zuuu", ya naɗe kansa a hankali, a gaban mutum ya fi hamsin. Wani yaro ya yi tafi.

Shekara da shekaru ina cire takalmi ina durƙusa wa Baba, ko ido ba ma haɗawa, amma ban taɓa kwanta masa ba sai ranar. Shi kuwa, Allah ya ƙara masa daraja, ya kawar da kai ya ce, "Sannu, Malam. Kai, ku taimaka masa mana."

Samari suka taso, kuma da an bar su da tuni an wuce wurin. Amma sai dattijon nan maƙwabcin Baba, mai jar dara da sandar da ba ya dogarawa, wanda duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan ya san shi, ya ɗaga hannu ya ce, "Kar wanda ya taɓa! Ku bari in duba tukun." Wai shi ya yi aiki a Steyr lokacin da ake haɗa manyan motoci da taraktoci a garin nan, babu injin da bai sani ba. Na sha jin wannan magana, kuma har yau ban sami wanda ya faɗa min a wane sashe ya yi aikin ba. Ya zagaya babur ɗin, ni ina ƙasa. Ya ƙwanƙwasa tayar baya da sanda. Ya tambaye ni ƙirar wace ƙasa ce. Na ce, "Japan, Baba, ƙafata." Ya ce ai shi ya sa, mutanen Japan ba sa yin abu don yashi, su da suka hau Vespa a zamanin Gowon ba su taɓa faɗuwa a gaban mutane ba. Sai ya hango wani abu ja-ja mai maiƙo yana biyo gefen kujera yana ɗiga. Ya sunkuya, ya dangwala da yatsa, ya murza, ya ɗaga wa jama'a ya ce, "Shi ke nan, injin ya fashe. Man giya ne wannan." Mutane suka yi salati. Ni kaina gabana ya faɗi, don ban biya ko kwabo ba.

Wata 'yar yarinya da ke riƙe da tiren goro ta ce, "Baba, miya ce. Ga kabewa nan."

Bai ji kunya ba. Ya lashe yatsan, ya ce gishiri ya yi kaɗan, sannan ya ba da umarni a kama ta gaba a ɗaga. Samari huɗu suka kama gilashi da robar gefe, shi yana ƙirga musu, "Ɗaya, biyu, hai!" Babur ya taso kamu ɗaya, na zare ƙafata, sai muka ji ƙaras. Robar gefen ta tsage tun daga ƙasan fitila, gindin gilashin ya karye, suka saki, ya koma inda ya fito. Ina son a rubuta wannan a ajiye: faɗuwata ƙarzane kawai ta yi wa fenti. Tsagewar ta dattijo ce.

Wanda ya tashe shi a ƙarshe wani ɗan acaɓa ne da ya kawo fasinja, siriri, ban jin ya kai rabin nauyina. Ya kafe Boxer ɗinsa, ya ce a matsa. Ya ja birkin ajiyewa, ya buɗe ƙarfen kafewa da ke ɓangaren sama don kada ya rinjaya ta can, ya juya wa babur baya, ya jingina ƙugunsa da kujera, hannu ɗaya a kai, ɗaya a ƙarfen riƙo na baya, ya dinga takawa da baya kaɗan-kaɗan. Sai ga Burgman a tsaye. Ya kaɗe hannu ya ce, "Alhaji, da ƙafa ake ɗaga su, ba da hannu ba." Na miƙa masa ɗari biyar ya ƙi karɓa, wanda hakan ya fi min ciwo a kan ya karɓa. Dattijo kuwa ya juya wa jama'a ya ce, "To, abin da nake faɗa musu ke nan tun ɗazu."

Ni da mutumin nan dama ba yau muka fara ba. Ranar ɗaurin aurena shi ne ya ce da ƙarfi, mutane na ji, wai sadakin bai kai na 'yar gidan ba, alhali ba waliyyi ba ne, ba wakili ba, ko dangin nesa bai zama ba, katanga kawai suka haɗa. Lokacin da na sayi motata ya leƙa ciki ya ce ta taɓa shan ruwa. Da aka haifi babbar 'yata ya ce sunan ya yi tsawo. Ranar Asabar ɗin nan kuma, da aka buɗe kujera ana fito da masa, shi ya tsaya yana tantancewa, wannan leda ta taɓa miya, wannan ta matse, bai kamata a kai wa baƙi ba. Leda biyu na ga jikansa ya shige da su gida. Yanzu abin da nake ji a majalisarsu shi ne wai ba don shi ba da an yanke min ƙafa. Liman ma ya tare ni bayan Magariba ya ce in je in yi masa godiya, dattijo ne. Zan je, amma ba wannan watan ba.

Na cikin gida ba su taya ni ba. Ƙannen Maman yara suna leƙe ta zaure tun daga "salamu", kuma autarsu ta ɗauka a waya. Kafin in gama wanke miya daga shadda abin ya hau WhatsApp, an sa masa kiɗa daidai wurin naɗewar madubi. Yanzu in na shiga gidan ba sa gaishe ni, "zuuu" kawai suke cewa.

Saura maganar saye. Dillali ya zo ya duba tsagewar, ya yi shiru, ya ce robar nan babu ita a Bauchi, babu a Jos, sai an aika Ladipo a Legas ko Nnewi, in an dace. Kuɗin da ya ambata ya kusa sayen tsohuwar Jincheng mai tafiya. Ya ce mafi sauƙi in saya gaba ɗaya, sai ya manta da batun roba. Na kai wa bakanikena, ya zagaya yana neman kabireta, na ce babu, injekta ne. Ya nemi kik, na ce babu. Ya ce to ranar da batir ya mutu fa? Na ce a tura. Ya ce irin wannan ba ya tashi da turi, kuma ko yana tashi, wa zai tura? Ya ƙara da cewa bel ɗin da ke canza masa gudu na'ura ce ke sarrafa shi, in ya lalace sai an sauke kusan rabin babur kafin a kai gare shi, shi kam ba zai koyi aiki a kan dukiyata ba. Man 'yan bumburutu ma ya ce in manta da shi, injekta ba ya son datti. Tankin lita 15 ne, lita ɗaya na kai ka wajen kilomita 20, Boxer kuwa tana ninka haka har da ɗoriya. Maman yara ta ji wannan lissafin ta ce, "Abban yara, to ina sauƙin da aka gudo nema?" Ƙasansa ma gajere ne, kowane tudun rage gudu sai na ji ya gurza, kuma kun san yawansu a unguwarmu.

Duk na ji. Amma washegari da sassafe na fita da shi hanyar Jos, roba a ɗaure da igiyar taya, na wuce Gidan Mai na buɗe masa wuta kaɗan. Iska ba ta dukan ƙirji, baya a jingine, ƙafafu a miƙe, na wuce tifa ban ji ko girgiza ba. Ban taɓa hawa abu mai taya biyu da ya yi min daɗi haka ba, kuma ba na jin zan iya komawa kan roba-roba in yi kamar ban sani ba. Matsalar kawai tsayawa ce. Sai da na yi ta tafiya ina neman inda babu yashi, babu mutane, kafin na juyo.

Dillali ya ce zai dawo Juma'a a yi ta ta ƙare, ni kuma na ce wa yara in ya zo su ce na tafi Azare. Wanda ya san mai liƙin roba da wuta, wanda aikinsa ba ya nunawa sosai, ya yi min magana ta gefe. Kuma ɗan acaɓan nan siriri, in wani ya san tasharsu, ina son ya sake nuna min inda ake sa hannun hagu.