Kurmina Ba Makarabar Harsashi Ba Ne

Mallakar kurmi daɗi ne da ciwon kai. Na saye shi da gumina, takardu suna hannuna, na kafa allon gargaɗi a bakin hanya. Amma da sassafe sai ƙarar bindiga ta tashe ni. Na fita, na tarar da kwankon harsashi a ƙasa, an karya shinge, allon kansa an ɓula shi da harbi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne itatuwan. Dalma ta shige cikin gungume, ranar da aka zo yanka sai ta lalata haƙoran zarto, mai saye kuma ya rage kuɗi. Kuma a nan 'ya'yana suke yawo! Ka tare maharbi, ya ce bai ga iyaka ba. Ai neman izini ba ya cin minti biyar.