Dala 12 kuɗin kaya, dala 420 kuɗin aiki

Takardar kuɗin gyaran babur ɗina na nan manne a jikin firij ɗinmu. Maiɗakina ce ta manna ta, wai don in riƙa gani kullum da safe. Kuɗin kaya dala 12, kuɗin aiki dala 420. Da a Zariya wani bakanike ya miƙo mini irin wannan lissafi, da sai an taru a kanmu ana ba da haƙuri. A nan birnin Denba na Amurka kuwa na zaro kati na biya, har da godiya.

Babur ɗin Suzuki DR-Z400S ne, irin dogayen nan masu tayoyi masu haƙora da ake hawa duwatsu da su. Na hannu na saya, a wurin wani mutum da ya ƙauro daga Hustan ta jihar Tekzas. Ranar ciniki lafiya lau ya tashi, na zaga unguwa da shi ban ji komai ba. Sai da na kai shi Rampart Range, dajin da ke kudu maso yammacin Denba inda aka ware hanyoyi don masu irin wannan wasa, sannan ya nuna halinsa. In na murɗa totur sai ya yi kamar an shaƙe masa wuya, ya yi ta tari, ya saki baƙin hayaƙi, sai can ya ɗauka da kyar. A wata 'yar hawa da yara 'yan shekara goma sha ke wucewa a guje, ni sai da na sauka na tura.

Kafin in nemi kowa a garin nan, kawuna na nema. Ƙanin mahaifiyata ne, gyaran babur yake yi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya tun ina firamare, kuma a gindinsa na koyi bambance sifana goma da sha biyu. Na ɗauki ƙarar injin a waya na tura masa ta WhatsApp. Ba a yi minti goma ba ya maido da saƙon murya.

"Ɗana, mai ne ya yi masa yawa. Kwance fulogi ka duba, in ba baƙi ƙirin ka gan shi ba kada ka sake kira na kawu."

Na kwance. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

To daga nan fa aka tsaya. Ya ce in rage masa mai. Na ce in rage nawa? Ya ce in rage kaɗan in saurara, in bai yi ba in ƙara ragewa. Kunnen da zai saurara kuwa yana Zariya, nawa kunnen bai kai nan ba. Dole na nemi shagon da aikinsu ke nan, saita injin babur na daji da na tsere, ba sa canza taya ba sa facin tib. Suka ba ni rana, mako uku a gaba. Mako uku! A gida in bakanike ya ce ka dawo bayan la'asar sai ka tura babur ɗinka rumfa ta gaba.

Abin da na fara gani a shagon wani ɗaki ne mai ƙofar gilashi, a tsakiyarsa na'urar da suke kira daino. Wani ƙaton ganga ne na ƙarfe a binne a dandamali, kansa kaɗai ya leƙo. Suka ɗora tayar baya a kan gangan, suka ɗaure ta gaba tam, suka kunna wata fanka mai girman ƙofa a gaban injin don kada ya yi zafi, sannan suka zura wani siririn bututu cikin salansa. Mai shagon, dattijo mai furfura a gemu da toshiyar kunne, ya hau ya saka giya ta huɗu ya murɗa totur har ƙarshe. Babur na ta kururuwa yana nan inda yake. A allon kwamfuta layi biyu suka fito, ɗaya na ƙarfin injin, ɗaya na yadda mai da iska ke gauraya.

Layi na biyun shi ne maganar. Fetur yana ƙonewa sarai idan an haɗa awo ɗaya nasa da awo 14.7 na iska, amma inji ya fi ba da ƙarfi idan an ɗan ƙara mai, wato awon iskar ya sauko wajen 13 ke nan. Nawa babur ɗin yana yawo a wajen 11. Dattijon ya nuna mini da biro ya ce mai ya yi masa yawa. Na yi dariya ni kaɗai, ya tambaye ni dalili, na ce akwai wanda ya riga shi faɗa daga nisan dubban kilomita, kuma bai karɓi ko sisi ba.

Sai dai shi ya faɗa mini abin da ya jawo. Denba tana bisa tudu mai tsawon mita 1,609 daga gaɓar teku, shi ya sa suke mata kirari da birni mai tsayin mil guda. Hustan kuwa a bakin teku take. Iskar Denba ta fi ta can sauƙi da kusan kashi 17 cikin ɗari, in ka hau duwatsu ka kai mita 3,000 ragin ya doshi kashi 30. Kafireta ba ta san wannan ba. Ita dai ƙaramin rami aka huda mata a jikin wani ɗan sukuru da ake kira jet, tana zuba mai gwargwadon faɗin ramin, ko iska ta ƙaru ko ta ragu. Wanda ya sayar mini ya yanke saman akwatin filtar iska, ya saka babban jet lamba 160, wanda ya dace da garinsu. Da babur ya hau tudu sai iska ta ragu, mai bai ragu ba. Ko gidajen mai na jihar Kolorado sun san da wannan, don fetur ɗinsu mafi araha lamba 85 ne a ma'aunin jure matsin inji, alhali a yawancin jihohin Amurka daga 87 ake farawa.

Da na mayar wa kawu da bayanin, bai yi wani mamaki ba. Ya ce ai direbobin da ke hawa Jos daga kudu sun daɗe da sanin mota na yin kasala a can. Jos ɗin kusan mita 1,200 ce, Zariya ba ta kai 700 ba. Ya ƙara da cewa ko a rumfarsa, saitin da ya yi wa babur da zafin bazara yakan canza in hunturu ya shigo, ga ƙura da ke toshe filta ta sa inji shan mai. Duk ilimin yana kansa. Lambobin ne kawai babu.

Awa uku dattijon ya yi. Ya kwance kafireta ya saka jet 152, ya ɗaure, ya hau, ya duba allo. Ya sake kwancewa ya saka 150. Ya sauke allurar kafireta da mataki ɗaya saboda tsakiyar totur, ya taɓa ɗan sukurun silo, wanda kamfani ke toshewa da tagulla tun daga masana'anta saboda dokar hayaƙi, amma mai babur na farko ya riga ya huda. Kowane gwaji sai ya rubuta a wani littafi: lambar jet, zafin ɗakin, nauyin iskar ranar. A ƙarshe ya buga mini takarda mai layuka biyu kan juna, na da da na yanzu, ƙarfin doki 30 ya koma 33. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa wannan adadin kwamfuta ce ta gyara shi kamar a bakin teku aka yi gwajin, abin da zan ji a ƙarƙashina a kan dutse bai kai haka ba, kuma babu jet ɗin da zai maido da iskar da Allah bai ajiye a wurin ba. Tsohon jet ɗin ma ya saka mini a 'yar leda, ya rubuta lambarsa a jiki, wai ko wata rana zan sauka gaɓar teku.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka muke cewa, kuma kunnen kawu ya tabbatar. Sai dai ni yanzu na daina jin daɗin karin maganar nan kamar da, domin mun mayar da ita hujjar ƙin sayen mudu. Kuma ba laifin makanikai ba ne. Mu masu babur mu muka hana su. Je ka tsaya a kowace rumfar gyara ka ga yadda ake ciniki. Mutum zai biya kuɗin fistin da ringi ba gardama, don yana ganinsu da idonsa a kwali. Da an zo kan kuɗin aiki sai ya ɓata rai: "Haba oga, me ka yi? Ɗan sukuru fa kawai ka juya." Shekara talatin da mutumin ya yi kafin ya san wane sukurun zai juya, da kuma inda zai tsaya, ba ta shiga lissafi. To wanda aka saba wa haka, me zai sa ya ɓata awa uku yana gwaji? Gara ya ce maka kafireta ta mutu, a sayo sabuwa, ya samu ɗan abin da zai samu a kan kayan. Da wane kuɗi zai sayi na'urar auna hayaƙi, balle daino?

Akwai kuma bambancin abin da ake nema. Duk wanda na gani a shagon nan ƙarfi yake nema, don nishaɗin ranar Asabar. A gida babur jari ne. Bajaj Boxer mai inji 100 da ke ɗaukar buhun masara biyu da mai buhun, ƙarfinta wajen doki takwas ne kawai, kuma ba wanda ya taɓa zuwa wurin kawu ya ce a ƙara mata doki. Abin da ake ce masa shi ne a matse mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa dubu, ya ce kusan kowane ɗan acaɓa da wannan maganar yake zuwa. Matsewar kuwa tana da iyaka. Inji in mai ya yi masa kaɗan zafi yake yi, fulogi ya yi fari fat, bawul ya ƙone, wata rana a tsakiyar hanya inji ya buga. Abin da aka tara na mai a wata shida ya tafi a rana ɗaya. Kawu yakan ce fulogi mai lafiya kalar soyayyiyar gyaɗa yake, amma in ya tsaya a nan sai mai babur ya zarce rumfar gaba, inda yaro zai matse masa yadda yake so. A ganina ɗan acaɓa ya fi ni bukatar wancan siririn bututun da aka zura a salansata. Ni wasa nake. Shi tsakanin tsimi da asara 'yar tazara ce da kunne ba ya iya aunawa kullum.

Kada a ce na zama ɗan koren Turawa. Shagon nan ko kujerar zama kusa da aiki babu, an ja jan layi a ƙasa an rubuta cewa kamfanin inshora bai yarda baƙo ya tsallaka ba. Ta gilashi na kalli komai kamar mai duba mara lafiya. Babu shayi, babu hirar ƙwallo, babu yaron da za a aika sayo rake. Na koyi abin da na sani game da inji ne don kawu bai taɓa kora ta daga gindinsa ba. Yaron garin nan sai ya biya kuɗin makaranta. Dattijon da kansa ya koka mini cewa samarin da yake ɗauka aiki ba su iya kafireta ba, in babu inda za su soka kwamfuta sai su tsaya suna kallon babur. Suzuki ma ta daina saka kafireta a samfurin da ya gaji nawa, DR-Z4S na 2025, kwamfuta ce ke auna masa mai tana gyara kanta in an hau tudu. Kuma in babur ya mutu maka a ƙauyen da ke bayan Giwa, kafin ka gama salati wani ya fito da filaya da guntun waya ya tayar maka. A dajin Kolorado sai dai ka nemi inda waya ke kamawa ka kira motar ja.

Wani abu da ya ba ni dariya: kafin ya sallame ni sai da ya leƙa salansa da tocila ya tabbatar ragar da ke hana tartsatsi fita tana nan, don ba a shiga dajin gwamnati sai da ita. Ba su wasa da wuta. Wata gobarar daji a 2002 ta cinye sama da eka dubu 130 a wannan yankin, ko da yake ba babur ne ya tayar da ita ba. Ƙara ma an yi mata iyaka, awo 96 a ma'aunin ƙarfin sauti ga duk babur ɗin daji da aka ƙera daga 1998 zuwa yau. Na tuna 'yan rakiyar amarya a unguwarmu da ke biyan kuɗi a fasa musu salansa don gari ya san sun fito. Na kuma tuna cewa wannan wasan nawa, mutum ya hau babur ya nausa daji shi kaɗai don jin daɗi, ba abin da zan gwada ba ne a hanyar Birnin Gwari a wannan zamani.

Asabar ɗin da ta biyo na koma Rampart Range. Babur ya hau 'yar hawan nan kamar an kore shi, har ya fi ƙarfina a sama, na faɗi a kan kafaɗa na karya madubi. Ina zaune a kan dutse ina huci na sake ɗaukar ƙarar injin na tura Zariya, tare da hoton takardar dattijo. Kawu ya saurara ya ce yanzu kam ya yi, sai dai silon ya ɗan yi sama, in rage shi kaɗan. Sannan ya tambayi nawa na biya. Na faɗa masa. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, can ya ce in tambayar masa nawa ake sayar da wancan bututun da ake zurawa a salansa.