Nasiha Kan Abin da Muke Zubawa a Kwata

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Ashaiman a Accra da kewayenta.

Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu game da abubuwa uku masu jawo la'ana: yin bahaya a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Mun san wannan hadisi, amma da zarar hadari ya haɗo sai ka ga an fito da bokitin ƙazanta da ledar bahaya da baƙin mai an juye a kwata, wai ruwan sama ya tafi da su.

Ina yake kai su? Babbar kwatar Nima tana zuba a kogin Odaw, shi kuma ya kai tafkin Korle, wanda yau warinsa ke riga ganinsa. Ruwan dattin Ashaiman da Tema kuwa yana gangarawa tafkin Sakumo, ɗaya daga cikin dausayoyi 5 na bakin teku da Ghana ta sanya ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayoyi a 1992. Idan bahaya da ruwan sabulu suka yawaita a tafki, gansakuka takan mamaye shi, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya mutu, sannan tsuntsayen da suke ketowa daga Turai lokacin sanyi su sauka ba su tarar da abinci ba. Waɗannan tsuntsaye, Allah Ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, al'ummomi ne kamarmu. Suna da haƙƙi a kanmu ko da ba su da bakin kai ƙara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mutumin da ba zai yi alwala da ruwan da launinsa ko ƙanshinsa ya jirkita ba, shi ne yake jirkita ruwan wasu halittu bai damu ba. Mu ma ba mu tsira ba, domin kwalarar da ta auka wa Accra a 2014 ta ƙazantaccen ruwa ta bi.

Ya kai mai gidan haya, ka ji tsoron Allah ka gina masai kafin ka ƙara ɗaki, in ya cika ka kira motar kwasa, kada ka fasa shi cikin kwata da dare. Masu gareji su tara baƙin mai a jarka, mahauta su daina sakin jini da tumbi a magudana. Malamanmu kuma muna roƙonku, ku sanya wannan magana a huɗubar Juma'a tun damina ba ta kankama ba.