Labarin ƙauye da 'yan fashi ba daga kaboyi ya fara ba

Da yawa daga masu kallon fim sun ɗauka cewa labarin ƙauyen da 'yan fashi suka addaba, har aka ɗauko hayar mayaƙa su kare shi, na finafinan kaboyi ne na Amurka. Ba haka abin yake ba. Wanda ya kafa wannan salo shi ne Akira Kurosawa, daraktan Japan da ya rasu a 1998.

A 1954 ya fitar da Seven Samurai. Manoma ne talakawa, ba su da abin biyan mayaƙa bakwai sai shinkafa, su kuma suka koma cin gero. Yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama aka ɗauke shi, dawakai na zamewa a taɓo, kyamarori da dama na aiki lokaci guda. A ganina har yau da wuya a samu faɗan da ya kai shi.

A 1960 Amurkawa suka mayar da labarin ƙauyen Meziko, suka kira shi The Magnificent Seven. Sergio Leone, daraktan Italiya, kuma ya kwashi Yojimbo, wani fim ɗin Kurosawa na 1961, ba izini, ya yi A Fistful of Dollars, sai da maganar ta kai kotu. Ko Sholay na 1975, wanda Hausawa suka haddace, jijiyarsa tana Seven Samurai: Thakur ya ɗauko Jai da Veeru saboda ɗan fashi Gabbar Singh.

Gaskiya ne shi ma Kurosawa ya ƙaru da kaboyin John Ford, daraktan Amurka, bai taɓa ɓoyewa ba. Amma wannan labari daga Japan ya tafi Amurka.