To ina ruwan zai faɗa?

An yi ruwan farko, sabuwar kwata ta cika ta koma cikin gidaje, kuma har an samo mai laifi: wai mutanen unguwa ne ke zuba shara. Madalla! Sharar ce ta hana a auna gangara? Ita ta ce aiki ya tsaya cak a iyakar mazaɓa?

Kafin a haƙa ko taku ɗaya, tambayar guda ce: ina ruwan zai faɗa? Daga can ake farawa, a auno tudu da kwari zuwa sama. Idan gangara ta yi kaɗan, ruwa ya rage gudu, yashi ya kwanta, kwata ta cike ko ba a jefa leda ɗaya ba. Idan kwalbatin da ke gaba ya fi kwatar ƙanƙanta, ruwa baya zai dawo. A unguwannin awon igiya, inda lungu ke karkacewa kuma babu taswira, kuskuren awo kaɗan ya isa ya jiƙa layi guda.

Masu cewa a miƙa komai ga ƙaramar hukuma don ta fi kusa da jama'a, na ji ku. Kusanci ba ya auna gangara. An miƙa mata aiki, ba a miƙa kuɗi ba, ba injiniya, babbar magudanar kuma tana hannun wata hukuma da ba ta ma san ana aikin ba. Ina ruwan zai faɗa?

Ku dubi unguwar Orangi a birnin Karachi na Pakistan. Daga 1980, a shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa, an raba aikin magudanar ƙazanta kashi biyu. Masai, bututun lungu da ƙaramin layin da ke tara su na mutanen unguwa ne, kowane lungu da mai tara kuɗinsa, ƙwararru na ba su awo da taswira. Babban bututu da wurin tace ruwan na gwamnati ne. Girman bututu ke nuna mai alhaki.

Wallahi abin tausayi ne: mai gida ya haɗa kuɗi da ƙyar, ya kwana yana kwashe ruwa da bokiti, gari ya waye a kira shi ƙazami.

Kuma waɗannan murafun kankare da ake rufe kwata da su ruf, babu ko ɗaya da mutum biyu za su iya ɗagawa, wa zai yashe ta? Aljanu?