Motar hannu a Kebbi: kuɗi sun ninka, kaya sun lalace

Duk wanda ya leƙa filin sayar da motoci a Birnin Kebbi, Jega ko Yauri a 'yan shekarun nan ya san halin da ake ciki. Filin da a da sai ka yi ta raɓawa tsakanin motoci, yanzu rabinsa ƙura ce da benci. 'Yan motocin da suka rage kuma, ka tambayi farashi dillali ya faɗi kuɗin da sai ka sake tambayarsa ko har da filin yake nufi. Kuma fa ba maganar sabuwar mota ake yi ba. Corolla ce ta 2005, wadda wani ya gama more ta a Amurka ya jefar, ita ce malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗan kasuwar albasa na Aliero suke kallo daga nesa kamar jirgin sama. Haba! Wannan wace irin rayuwa ce?

Kowa ya san dala ce tushen abin, amma ba kowa ya san sau uku take cizon mota guda ba. Da dala ake sayenta a gwanjon Copart ko IAAI a Amurka. Da dala ake biyan jirgin ruwan da zai sauke ta a Tin Can a Legas. Kuɗin fito na kwastam ma, ko da yake naira ake miƙawa, da dala ake lissafa shi. Kafin Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. A ɗauki motar da aka yi wa ƙima dala 5,000. Kuɗin fito a lokacin kashi 20 cikin 100, ga harajin kashi 15 da aka ɗora wa motocin hannu a 2022, jimla dala 1,750. A farashin 460, naira 805,000 ke nan. A farashin 1,500, naira 2,625,000. Ba a sa harajin VAT na kashi 7.5 ba, ba a sa kuɗin tashar jirgi ba, ba a sa na ejan mai fito da kaya ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne. Wato wata 35 cur, ba ci ba sha, kafin ƙaramin ma'aikaci ya tara harajin kawai, ko taya ɗaya ta motar bai taɓa ba.

Wancan kashi 15 ɗin shi ya fi ƙona rai. An ce don a ƙarfafa haɗa motoci a cikin gida ne. To ina motar? Zamanin da kamfanin Fijo na Kaduna yake fitar da 504 har ma'aikaci ya karɓi rance ya saya ya daɗe da wucewa. Waɗanda ake haɗawa yanzu gwamnatoci ne da manyan kamfanoni ke iya sayensu. Ana karɓar haraji a hannun mai sayen tsohuwar Golf don a kare motar da ko a mafarki ba zai hau ba. Sannan tun 2022 ƙimar mota da lambar cesis ake fitar da ita a kwamfuta, ga dokar da ta taƙaita shigo da motar da ta wuce shekara 12. Tsofaffin motocin da talaka ke iya kaiwa gare su, su ne dokar ta fara shaƙewa. A 2024 kuwa farashin dalar da ake lissafin fito da shi ya yi ta canzawa, wani lokaci fiye da sau ɗaya a mako guda. Mutum ya sayi mota a Amurka, ta yi makonni a kan ruwa, bai san nawa zai biya ba sai ranar da ta sauka. Wa zai zuba jarinsa a cinikin biri a sama? Masu ƙaramin jari suka janye, fili ya bushe.

Mu a Kebbi abin namu ya zo da ƙarin cin fuska. Iyaka tana bayan gidanmu: Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo tana kallon Segbana ta ƙasar Benin, Kamba tana dab da Gaya ta ƙasar Nijar. Amma tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. An rufe iyakokin gaba ɗaya a Agustan 2019, Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ɓangaren Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Don haka motar halak dole ta sauka a Legas, ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yauri, Koko, Jega, fiye da kilomita 700, da man da aka cire wa tallafi tun 29 ga Mayun 2023. Kuɗin direba, kuɗin mai, abin da ake miƙawa a shingaye, duk a kan mai saye na ƙarshe suke sauka. Hanin kuma bai hana motar Kwatano shigowa ba, daji kawai ya tura ta. Wadda aka yi gudu da ita cikin dare a kan burji da kwazazzabai tana isowa da shokozoba a mace da ƙasan inji a buge, ba ta kuma da takarda.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da naira ta faɗi, jikar sefa, wato sefa dubu ɗaya, ta haura naira 2,000, sai kasuwar ta juya baya. Maƙwabtan da a da muke zuwa sayen mota a wajensu, su ne yanzu ke shigowa da sefa suna kwashe masu lafiya daga cikin motocinmu na hannu. Mai Corolla mai kyau kuma ya ƙi sayarwa, don ya san in ya sayar ba zai iya mayar da irinta ba.

Da a ce tsadar ta zo da kaya mai kyau, da da sauƙi. Ina! Tunda motar da ba ta taɓa haɗari ba ta fi ƙarfin kasuwa, masu shigowa sun koma kan waɗanda kamfanonin inshora suka yi watsi da su: wadda ta yi karo, wadda ambaliya ta shanye. A buga jiki, a cika da boti, a fesa fenti, a jera ta tana sheƙi. Kyan ɗan maciji. Mai saye ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ya bi ƙofofi da fenda da shi, inda ya ƙi kamawa boti ne ya yi kauri a wajen. Ya duba kusoshin da suka riƙe bonet da fenda, in fentin kansu ya goge to an taɓa kwance su. Ya duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, hagu da dama dole su zo ɗaya. Ta ruwa ta fi mugunta, don ita ba ta nuna kanta sai bayan watanni, lokacin da tsatsa ta ci soket-soket, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canzawa, jibi burenbos, wato kwamfutar motar, ya mutu. A ɗaga kafet a taɓa soson da ke ƙasa, a leƙa ramin safaya, a duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai, a jawo bel har ƙarshensa a ga ko akwai zanen laka. Motar da aka cika da turare fiye da kima, wari ake ɓoyewa.

Sai kuma wadda ta yi shekaru tana yawo a Legas ko Abuja, a cire lamba, a wanke inji, a manna takarda a gilashi a ce Beljiyam ce, wato yanzu ta sauka daga ƙasar waje. Mita ba shaida ba ce, minti kaɗan ake mayar da ita baya. Robar feda da fatar sitiyari da kujerar direba sun fi ta gaskiya. Ta Amurka ma da mil take ƙirga, mil 150,000 wajen kilomita 240,000 ne. Shekarar mota kuma ba a fitila ko bamba ake gane ta ba, tunda ana canza wa mota fuska a mayar da ita ta baya-bayan nan. Lambar cesis gurbi 17 gare ta, a motocin Amurka gurbi na 10 shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takarda dole su zama ɗaya.

Inji kuwa, kada a yarda a gwada shi da zafi. A je da sassafe a tayar da shi da sanyi. Hayaƙi shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, kuma Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Masul, ta yi suna da wannan ciwo saboda zobban fistin ɗinta. Farin hayaƙin da ba ya yankewa, ko kumfa mai kalar shayi da madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai, gaskit ne ya ƙone. Wasu sukan ɗura mai mai kauri don ya danne ƙarar inji na kwana biyu. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba: fitilar inji da ta balan-balan ɗin haɗari dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. In tun farko ba su kama ba, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi. A sa na'urar bincike, domin tana nuna in yanzun nan aka goge laifuffukan. Man giya ja ne garau, in ya yi baƙi yana ƙauri a bar motar. A leƙa ƙasa a ga ko abin tace hayaƙin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, yana nan. Ana fasa shi a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, a bar mai saye da shan mai da fitila a kunne. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 kuma a ɗaga ta a jijjiga boljoyin na ƙasa, shi ne ke tsinkewa taya ta kwanta ana cikin tafiya. Tayar ma a karanta lambobi huɗun ƙarshe na jikinta, 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2018, kuma irin wannan ba ta daɗewa a zafin Afrilu a hanyar Argungu.

Kayan gyara su ma dala ce ke kawo su, don haka injin Beljiyam da giya da kwamfireso duk sun bi sahu. Direbobin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato ko Zuru ba su da halin canza mota, sai faci a kan faci. A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a sa tayar gwanjo, a ƙara fasinja a gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: direba yana wahala, fasinja yana biyan ninki, ransa kuma yana hannun tayar da ta girmi yaron mota.

Dillalai ma ba za su wanke kansu ba. Mota ɗaya sai ka tarar mutum huɗu sun jeru a kanta, kowa ya ɗora nasa, kuma a ƙarshe a nemi la'ada a hannun mai saye da mai sayarwa. In dala ta hau da safe, kafin azahar an ƙara kuɗin motar da ta yi wata shida a fili. In ta sauko, sai a ce ai da tsada aka sayo. Mafi muni shi ne takarda. Akwai ta bogi, akwai ta wata motar da aka goge lamba, akwai wadda aka biya fito a kan ƙaramar shekara alhali motar ta fi haka. Wanda ya riƙe irin wannan, ranar da aka tare shi a hanyar Kontagora ko Funtuwa shi za a sauke da iyalinsa a bakin titi, dillali yana gida yana shan fura. Kafin a biya ko sisi, a karɓi takardar fito da rasidin banki, a kai ofishin kwastam na Birnin Kebbi a tantance lambar da ke jiki, a ga cesis da shekara sun dace. A rubuta yarjejeniya da sunan mai motar na ainihi, da lambar cesis da ta inji, da shaidu biyu, da sharaɗin cewa in takarda ta fito da matsala zai mayar da kuɗi. A tura kuɗin ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke cikin yarjejeniyar, ba na dillali ba. Wanda ya ce sauri yake yi, wai akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi da la'asar, a bar masa motarsa ya jira Alhajin.