Karatun annabci a wurin Yahudawa ba duba ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan Bayahude ya buɗe littafin Ishaya ko Irmiya, ranar tashin duniya yake lissafi. A gaskiya yawancin abin da ke ciki faɗa ne da lallashi.

Akwai tsarin da ake kira Nach Yomi, inda mutum ke karanta babi ɗaya kullum daga littattafan annabawa da sauran rubuce-rubuce, ya sauke cikin kusan shekara biyu. Wanda ya iso Irmiya babi na 29 zai tarar da wasiƙa zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashe zuwa Babila. An ce musu su gina gidaje, su shuka lambu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin, domin sai bayan shekara 70 za su koma gida. A ganina wannan ya fi kama da nasihar uba.

Ko a majami'ar Yahudawa haka tsarin yake. Asabar uku kafin azumin Tisha B'Av, ranar tunawa da rushewar Haikalin Urushalima, ana karanta ayoyin tsawatarwa. Bayansa sai Asabar bakwai na ta'aziyya, duk daga Ishaya, farawa da babi na 40.